LEO SPITZER: MALAMIN DA YA TSINCI ILMI A WASIƘUN FURSUNONIN YAƘI

A cikin manyan malaman harshe da adabi waɗanda aka yi a Turai a ƙarni na 20, sunan Leo Spitzer yana cikin na gaba-gaba. Ya koyar a jami'o'in ƙasashe huɗu, watau Ostiriya da Jamus da Turkiyya da Amurka, ya kuma bar littattafai da maƙaloli masu ɗimbin yawa a cikin Jamusanci da Faransanci da Ingilishi da Italiyanci da Sifaniyanci. Amma makarantar da ta fi kowace horar da shi ba ta da allo, ba ta kuwa da ɗalibai. Wani ofishin soja ne a birnin Biyana, inda aka zaunar da shi har shekara uku yana tace wasiƙun fursunonin yaƙi, yana soke duk maganar da hukuma ba ta so ta fita. A nan ne ya gane cewa kalma guda wadda ta zo a karkace tana iya fallasa halin da mai ita yake ciki, kuma a kan wannan ganewa ya gina sauran aikin rayuwarsa.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Leo Spitzer ran 7 ga watan Fabrairu na shekarar 1887 a Biyana, a gidan Yahudawa masu abin hannunsu. A zamanin nan Biyana ita ce babban birnin Daular Ostiriya da Hangari, daula mai mutane wajen miliyan 50, masu magana da harsuna fiye da goma. Yaron da ya tashi a wannan birni yakan ji Jamusanci a makaranta, ya ji harshen Cek da na Hangari da na Folan a kasuwa da tashar jirgin ƙasa, saboda haka tun yana ƙarami kunnensa ya saba da bambancin harsuna.

Da ya shiga Jami'ar Biyana sai ya zaɓi nazarin harsunan da suka tsiro daga Latin, watau irin su Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci. Babban malaminsa shi ne Wilhelm Meyer-Lübke, wanda ya tsara shahararren ƙamus na asalin kalmomin waɗannan harsuna. Hanyar koyarwar wannan shaihun malami ita ce bin diddigin sauti. Za a nuna wa ɗalibi yadda wasalin "a" na Latin ya rikiɗa ya zama "e" a Faransanci, alal misali yadda kalmar "mare" mai nufin teku ta koma "mer", sa'an nan a bi sauran sautuka ɗaya bayan ɗaya. Spitzer ya ƙware a wannan fanni ƙwarai, bai kuwa taɓa raina shi ba, sai dai daga baya ya bayyana cewa abin da ya dame shi a ajin nan shi ne ana ta maganar Faransanci amma ba a ganin Bafaranshe ko ɗaya a ciki. Ga sautuka, ga ƙa'idoji, amma babu mutum mai fushi ko mai dariya ko mai roƙo.

Cikin shekarar 1910, yana da shekara 23, ya sami digirin dakta. Ya yi bincikensa a kan François Rabelais, marubucin Faransa na ƙarni na 16, wanda ya yi suna wajen ƙago kalmomi masu ban dariya da ban tsoro waɗanda babu su a ƙamus. Tambayar da Spitzer ya yi ita ce, me ya sa mutum yake ƙirƙiro sabuwar kalma alhali ga tsohuwa a hannu. Cikin 1913 aka ba shi izinin koyarwa a jami'ar. Shekara guda bayan haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke.

YAƘI YA KAI SHI OFISHIN TACE WASIƘU

Ran 23 ga watan Mayu na 1915 Italiya ta ƙaddamar da yaƙi a kan Ostiriya. Ba a daɗe ba sansanonin Ostiriya suka fara cika da sojojin Italiya waɗanda aka kama a bakin daga. Dokar yaƙi ta yarda fursuna ya rubuta wa iyalinsa wasiƙa, su ma su rubuto masa, amma kowace takarda sai ta bi ta babban ofishin tacewa a Biyana kafin ta wuce. Hukumar soja tana bukatar mutanen da suka san Italiyanci ciki da waje, saboda haka a watan Satumba na 1915 aka tura Spitzer sashen Italiyanci na wannan ofishi, inda ya zama shugaban ɗaya daga cikin ƙungiyoyin masu tacewa. A nan ya zauna har yaƙin ya ƙare a watan Nuwamba na 1918.

Aikin mai tacewa iri biyu ne. Na farko ya hana fitar duk labarin da zai amfani abokan gaba, ko dai ya shafe wurin da baƙin tawada ko kuwa ya riƙe takardar ɗungum. Na biyu ya tsamo wa manyansa duk abin da wasiƙun suka tona game da halin da ake ciki a Italiya. Takardun da ke bi ta hannunsa ba na sojojin Italiya kaɗai ba ne. Daular Ostiriya tana da nata talakawa masu magana da Italiyanci a yankunan Trentino da Trieste da Istriya, waɗansunsu an ɗauke su soja sun faɗa hannun Rasha, waɗansu kuwa hukumarsu ta tsare su don ba ta amince da su ba. Duk waɗannan wasiƙunsu suna zuwa teburi guda.

Abin da abokan aikinsa da yawa suka ɗauka wahala ce, shi Spitzer ya ga taska ce. Ga dubban mutane, manoma da makiyaya da leburori da masunta, daga kowane lungu na Italiya, waɗanda ba a taɓa jin muryarsu a littafi ba, yau ga shi sun ɗauki alƙalami. Sai ya shiga kwafe duk jimlar da ta ja hankalinsa kafin takardar ta wuce, yadda mai ita ya rubuta ta, ba tare da ya gyara ko harafi guda ba.

HALIN DA FURSUNONIN SUKE CIKI

Kafin mai karatu ya fahimci waɗannan wasiƙu, wajibi ne ya san irin ƙuncin da masu rubuta su suke ciki. A tsawon yaƙin, sojojin Italiya wajen 600,000 aka kama, kusan rabinsu a karon da aka yi a Caporetto a watan Oktoba na 1917, inda rundunar Italiya ta watse. Daga cikin wannan adadi kimanin 100,000 ba su koma gida ba. Mafi yawansu yunwa da sanyi da cututtukan da yunwa ke jawowa, irin su tarin fuka, su suka kashe su a sansanoni irin na Mauthausen da Sigmundsherberg. Akasarin waɗanda suka mutu ƙananan sojoji ne, domin hafsoshi ana ba su kulawa dabam.

Dalilin wannan masifa kashi biyu ne. Na ɗaya, jiragen ruwan yaƙi na Ingila da ƙawayenta sun datse hanyoyin teku, abinci ya yi ƙaranci a Ostiriya da Jamus, har su kansu mutanen Biyana suna bin layi don samun ɗan burodi. Ƙasar da ba ta iya ciyar da 'ya'yanta ba, ina za ta ciyar da fursuna ya ƙoshi? Na biyu kuwa ya fi ciwo. Faransa da Ingila sun shirya aika wa mutanensu abinci da kuɗin gwamnati, amma shugabannin Italiya suka ƙi yin haka. Suna zargin cewa da yawa cikin waɗanda aka kama da gangan suka miƙa wuya, suna kuma tsoron idan sauran sojoji suka ji ana cin abinci a sansanin abokan gaba, su ma za su ajiye bindiga. Sai aka bar wa iyalai nauyin aika ƙunshin abinci ta hannun ƙungiyar agaji ta Red Cross. Wanda iyayensa matalauta ne, ko wanda ƙunshinsa ya ɓace a hanya, sai ya rungumi ƙaddara. Wata malamar tarihi 'yar Italiya, Giovanna Procacci, ita ce ta fito da wannan al'amari fili a littafin da ta buga cikin 1993.

To, ga inda gizo yake saƙar. Ran fursuna ya rataya a kan iyalinsa su san yunwa tana cinsa, don su aiko da abinci. Ita kuwa hukumar Ostiriya ta hana a rubuta haka, don kada abokan gaba su san rumbunta ya yi ƙasa, kada kuma a ce tana zaluntar fursunoni. Kalmar da ta fi kowace muhimmanci ga mai wasiƙa, watau "fame", wadda ke nufin yunwa, ita ce aka haramta.

SUNAYEN YUNWA

Da aka rufe ƙofa sai fursunonin suka shiga neman taga. Suka dinga sakaya zance yadda mutanen gida za su gane, mai tacewa kuwa ya wuce bai lura ba. Waɗansu suka bi hanyar zaurance, suka juya gaɓoɓin kalmar ta koma "mefa". Waɗansu suka ɗauko kalmar yunwa daga karin harshen garinsu, kamar "sgaiusa" ta mutanen yankin Lombardiya, bisa zaton cewa Ba'ostire ko ya iya Italiyancin makaranta ba zai san maganar ƙauye ba. Waɗansu suka yi amfani da kalmar "spazzola", wadda ainihin ma'anarta buroshi, amma a bakin 'yan bariki tana nufin yunwa.

Dabarar da ta fi yawa ita ce mai da yunwa mutum. Sai fursuna ya rubuta wa mahaifiyarsa cewa wata baiwar Allah tana tare da shi dare da rana, ta ƙi rabuwa da shi, ko kuwa wani hafsa da suka sani a gida yana yawan ziyartarsa. Ta haka wasiƙun suka cika da mutanen da ba a taɓa haifa ba. Akwai Laftana Spazzola. Akwai Laftana Magrini, daga kalmar "magro" mai nufin ramamme. Akwai Laftana Stecchetti, daga wata kalma mai nufin busasshen tsinke, wadda Italiyawa ke amfani da ita ga wanda aka ƙuntata wa abinci. Akwai Uwargida Bruttavecchia, watau mummunar tsohuwa. Akwai Kawu Magno, sunan da a ido yake nufin babba, amma a karin harshen waɗansu garuruwa yake nufin ina ci. Akwai kuma wata budurwa mai suna Uchefem, wadda idan aka rarraba sunanta sai ya zama kukan mai cewa wayyo yunwa.

Masu ɗan ilmi kuwa sai suka koma ga littattafai. Sukan ambaci Ugolino, wani basaraken birnin Pisa da aka kulle a hasumiya tare da 'ya'yansa da jikokinsa har yunwa ta kashe su cikin shekarar 1289, wanda babban mawaƙin Italiya, Dante, ya ba da labarinsa. Duk Ba'italiyen da ya zauna a aji ya san abin da sunan nan yake nufi. Waɗansu kuma sukan ce kullum a sansanin lokacin azumin Kirista ne, ko su ce ɗamararsu ta yi musu yawa sai ƙara huda ta suke yi, ko su ce haƙoransu sun sami hutu.

Spitzer ya tattara waɗannan duka ya rarraba su kashi-kashi, ya fitar da littafi mai shafi fiye da 300 cikin shekarar 1920, a kan hanyoyin kewaya kalmar yunwa a Italiyanci. Abin da ya jawo hankalinsa shi ne, mutanen da ba su san juna ba, waɗanda ke sansanoni dabam-dabam, sukan faɗa a kan dabara iri guda, abin da ya nuna tunanin ɗan Adam yana da hanyoyin da yake bi idan aka matsa masa. Har wa yau ya lura cewa sakayayyiyar kalma ba ta daɗewa tana aiki. Da zarar ta yaɗu, masu tacewa sun gane ta, sai a jefar a ƙago wata. Watau irin canjin da harshe yakan ɗauki ɗaruruwan shekaru yana yi, wanda malaminsa yake bin sawunsa a tsofaffin takardu, shi ya gan shi yana aukuwa a gabansa cikin 'yan watanni, kuma ya ga abin da ke tura shi: tsoro da bukata da ɗan abin da ya rage na raha.

ABIN DA TALAKAN SOJA YAKE RUBUTAWA

Cikin 1921 ya fitar da littafi na biyu, wanda ya tattara wasiƙun su kansu. Don a gane darajar wannan littafi, sai a tuna cewa a ƙidayar 1911 kusan kashi 40 cikin 100 na mutanen Italiya ba su iya karatu da rubutu ba, kuma yawancin jama'a karin harshen garinsu suke yi a gida, Italiyancin littafi baƙo ne a gare su. Yaƙi ne ya tilasta musu rubutu, har aka ƙiyasta cewa wasiƙu da katunan da suka yi yawo a Italiya a shekarun yaƙin sun kusa biliyan 4. Wani a ramin yaƙi ya koyi haɗa baƙi, wani kuwa abokinsa yake yi wa shifta.

Spitzer ya tsara littafin bisa ga abubuwan da wasiƙun ke ƙunshe da su: yadda ake buɗewa da yadda ake rufewa, gaisuwa, neman gafara saboda munin rubutu, murnar samun wasiƙa, mafarki, hoto, tambayar yara da gona da dabbobi, roƙon kuɗi da abinci, da kuma maganar da wasu ke yi wa mai tacewa kai tsaye suna roƙonsa ya bar takardarsu ta wuce. Ya ga kusan kowace wasiƙa da jimla guda take farawa, inda mai rubutu zai sanar cewa yana nan lafiya, yana kuma fatan na gida haka suke, ko da kuwa layi na gaba zai nuna yana kwance a asibiti. Ya ga ana jera sunayen waɗanda ake gaisarwa ɗaya bayan ɗaya har takarda ta cika. Mai ilmi zai iya raina irin wannan ya ce maimaici ne kawai. Spitzer ya nuna cewa ga mutumin da alƙalami ya yi wa nauyi, waɗannan tsayayyun jimloli su ne sandar da yake dogarawa, kuma saƙon farko na wasiƙar fursuna shi ne ita wasiƙar kanta, domin isarta gida shaida ce cewa mai ita yana da rai.

Akwai wani abu kuma da littafin ya bayyana wanda bai yi wa masu mulki daɗi ba. Manyan kalmomin kishin ƙasa da jaridu ke cika shafuffukansu da su ba su da yawa a wasiƙun ƙananan sojoji. Abin da ke bakinsu shi ne gida da iyali da abinci, da kuma ranar da za a yi sulhu. Cikin 1922 ya ƙara da littafi na uku a kan Italiyancin hira ta yau da kullum, inda ya duba yadda mutane ke buɗe magana da rufe ta, da yadda suke ladabi da rarrashi da kauce wa abin da ba su so su faɗa.

TSAKANIN AIKIN HUKUMA DA TAUSAYI

Ba daidai ba ne a ba da tarihin wannan malami a tsallake wurin da ke da nauyi. Spitzer ma'aikacin hukumar da ta tsare mutanen nan ne, kuma iliminsa ne makamin da aka yi amfani da shi a kansu. Fursunan da ya ɓoye kukansa a cikin karin harshen ƙauyensu ya dogara ne a kan jahilcin mai tacewa, sai ga shi takardarsa ta faɗa hannun ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowa sanin kare-karen Italiyanci a daular. Duk dabarar da aka gano a ofishin, hanya guda ke nan ta toshe ga mayunwaci. Mai karanta littafin yunwa a yau yakan ji wani iri idan ya ga an jera kukan mutanen da ke mutuwa an rarraba shi babi-babi, kamar yadda masanin tsirrai yake jera ganyaye.

Ta ɗaya gefen kuma, ba don wannan ma'aikaci ya kwafe abin da aka sa shi ya soke ba, da yawancin maganganun nan sun bi iska. Kuma akwai shaida a fili cewa zuciyarsa ba ta tare da masu hura wutar gaba. Cikin 1918, yaƙi bai ƙare ba, ya buga wani ɗan littafi yana sukar ƙungiyar nan mai fafutukar tsarkake Jamusanci, wadda ke neman a kori duk kalmomin aro, musamman na Faransanci da Ingilishi. Hujjarsa tana cikin sunan littafin, inda ya haɗa farautar baƙin kalmomi da ƙin baƙin mutane ya ce tafiyarsu ɗaya. A shekarar nan kuma ya yi raddi ga Houston Stewart Chamberlain, marubucin da ke yaɗa aƙidar fifikon jinsin Jamusawa. Faɗin irin wannan magana a lokacin da ƙasa take cikin yaƙi ba ƙaramar ƙarfin zuciya ba ce, balle ga Bayahude matashi mai neman kujerar jami'a.

ƊAUKAKA DA HANYAR NAZARINSA

Bayan yaƙi ya koma Jami'ar Bonn a Jamus, inda tsohon malaminsa ya riga shi zuwa. Cikin 1925 ya zama cikakken shaihun malami a Marburg, cikin 1930 kuma ya koma Jami'ar Kolon. A waɗannan shekaru ne ya shahara a fannin nazarin salo, musamman da littafinsa mai juzu'i biyu na 1928.

Hanyarsa mai sauƙin faɗi ce, mai wuyar bi. Mai nazari zai karanta rubutu ya sake karantawa, har wani ɗan abu ya tsaya masa a rai, ko kalmar da ake yawan maimaitawa ko jimlar da ta saɓa wa al'ada. Daga nan sai ya yi hasashen abin da ke cikin ran marubucin wanda ya haifar da wannan karkata, sa'an nan ya koma cikin rubutun ya duba ko sauran sassa sun gaskata hasashen ko sun ƙaryata shi. Alal misali, ya lura cewa marubucin Faransa Charles-Louis Philippe yana yawan sa kalmar "saboda" a inda babu wani dalili na gaske, sai ya nuna cewa haka 'yan barikin Faris da ke cikin labarinsa suke ɗaukar rayuwa, kome ya same su sai su ɗora wa wani abu da ya fi ƙarfinsu. Duk wanda ya san aikin da ya yi a Biyana zai ga cewa idon mai tace wasiƙa ne ya juya ga adabi.

Bai kuwa taɓa raba maganar manya da ta gida ba. Cikin 1927 ya buga wani ɗan nazari mai suna Puxi, a kan sunayen lele iri-iri da matarsa take kiran ɗansu da su, yana bin yadda suna guda yake haifar da wani bisa ga yanayin zuciyar uwa.

GUDUN HIJIRA

Cikin 1933 Hitler ya hau mulki, a watan Afrilu kuma aka kafa dokar korar Yahudawa daga aikin gwamnati. Spitzer ya rasa kujerarsa ta Kolon. Aƙidar da ya yi wa raddi shekara 15 da suka wuce ita ce yanzu take mulki. A daidai lokacin nan Mustafa Kamal Ataturk yana sabunta jami'ar Santambul, yana ɗaukar malaman da Jamus ta kora, sai Spitzer ya tafi can tare da waɗansu mataimakansa, ya shugabanci sashen harsuna da adabin Turai. Yana da shekara 46 ya zauna koyon Turkanci kamar ɗan makaranta, har cikin 1934 ya rubuta maƙala a kan abin da koyon ya nuna masa. Ya sami Turkiyya ita ma tana cikin nata gyaran harshe, domin cikin 1928 ta bar rubutun Larabci ta koma na boko, tana kuma ƙoƙarin maye gurbin kalmomin Larabci da na Farisanci.

Cikin 1936 Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka ta kira shi. Wanda ya gaje shi a Santambul shi ne Erich Auerbach, wanda dama shi ya gaje shi a Marburg, kuma a can ne Auerbach ya rubuta sanannen littafinsa Mimesis a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu.

A Amurka Spitzer ya zurfafa cikin tarihin kalmomi, yana ɗaukar kalma guda ya bi ta tun daga Girkawa da Rumawa har zuwa zamaninsa, don ya nuna yadda tunanin al'umma yake canzawa a cikinta. Littafinsa na 1948 a kan dangantakar ilmin harshe da tarihin adabi ya ƙunshi nazarin da ya yi wa Don Quixote, inda ya duba dalilin da ya sa sunayen mutane a labarin ba su tsayawa wuri guda. Cikin 1949 kuwa ya ba abokan aikinsa mamaki da ya ɗauki tallar lemon zaƙi na kamfanin Sunkist ya yi mata irin sharhin da ake yi wa waƙa, yana nuna abin da hoton da 'yan kalmominsa suke faɗa game da burin mutanen Amurka.

RASUWARSA DA ABIN DA YA BARI

Cikin 1955 Italiya ta ba shi lambar yabo ta Feltrinelli. Ya rasu ran 16 ga watan Satumba na 1960 a Forte dei Marmi, wani gari a bakin teku a Italiya, yana da shekara 73, a ƙasar mutanen da ya karanta wasiƙunsu yana saurayi.

Littattafansa na yaƙi sun daɗe ba su isa hannun masu su ba. Sai cikin 1976, shekara 55 bayan bugun farko, aka fassara littafin wasiƙun zuwa Italiyanci. Na hirar yau da kullum ya fito cikin 2007, na yunwa kuwa sai cikin 2019, bayan duk waɗanda suka rubuta wasiƙun sun daɗe da barin duniya. Amma da suka iso sun tarar da masu jiransu, domin tun wajen 1970 malamai irin su Tullio De Mauro da Manlio Cortelazzo suka fara nazarin Italiyancin talakawa a matsayin fanni mai zaman kansa, masu tarihi kuma suka shiga tattara wasiƙu da littattafan tunawa na ƙananan sojoji. Dukansu sun sami Spitzer ya riga su shiga gonar da rabin ƙarni.

Ga ɗalibi, darasin da ke cikin rayuwar wannan malami shi ne kada ya raina rubutun wanda bai yi nisa a makaranta ba, domin kuskuren harafi da maimaita gaisuwa da kewaye-kewayen zance duk suna ɗauke da labari ga mai haƙurin karantawa. Ga ma'aikaci kuwa, wanda takardun jama'a suke bi ta teburinsa kowace safiya, abin ya fi kusa. Spitzer ya yi wa hukumarsa aikin da ta sa shi, aikin kuma ya cutar da waɗansu bayin Allah, wannan ba abin da za a kankare ba ne. Amma ya karanta kowace takarda da sanin cewa mutum ne ya rubuta ta, saboda haka ne a yau jikokin fursunonin Mauthausen suke iya buɗe littafi su ga yadda kakanninsu suka yi dabarar gaya wa gida cewa suna jin yunwa.